Mai kisa a bakin ƙofa: abin da Kant yake nufi da wajibi

Tambayarka ta iso ni, ɗan'uwa. Ka ce ka ji an ce wani masanin falsafa mai suna Kant ya koyar da cewa ƙarya ba ta halatta ko da mai kisa ne ya tsaya a ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya. Abin ya ɗaure maka kai: ta yaya mutumin da ya ce ya gina ɗa'a a kan hankali zai zo da hukuncin da ko yaro ya san bai yi daidai ba? Kana kuma so ka san abin da ake nufi da ɗa'ar wajibi tun daga tushe.

Abin da ka ji gaskiya ne, ya faɗa. Ni kuma ina ganin ya yi kuskure a wannan gaɓar, za mu zo kanta. Amma na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai da yawa ke jin labarin mai kisan nan su juya baya, ba su taɓa sanin me mutumin yake ƙoƙarin karewa ba. Don haka ka yi haƙuri mu faro daga farko.

An haifi Imanuwel Kant a shekarar 1724 a birnin Konigsbag na daular Furusiya, garin da yau ake kira Kaliningirad, yana hannun Rasha. Mahaifinsa baduku ne mai haɗa kayan doki, iyayensa kuma Kiristoci ne masu tsantseni. A garin ya yi karatu, a nan ya zama farfesa a 1770, a nan ya rasu a 1804. Akwai abu ɗaya a tarihinsa da nake so ka riƙe. Ya rubuta a takardunsa na kansa cewa a da yana raina waɗanda ba su yi karatu ba, yana ganin ilimi ne kaɗai ke ɗaukaka ɗan Adam, har sai da karatun rubuce-rubucen masanin falsafa Ruso ya dawo da shi hanya, ya koyi girmama mutum don shi mutum ne. Duk abin da ya rubuta a kan ɗa'a bayan haka, wannan darasin ne ke ƙarƙashinsa. Littattafansa a fannin uku ne manya: wani ƙarami na 1785 da ya aza harsashin, na 1788 a kan hankalin da ke jagorantar aiki, da na 1797 da ya bi wajibai ɗaya bayan ɗaya. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan mazhaba da shi, diyontoloji, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ya wajaba ya fito, kuma Jeremi Bentam ne ya ƙirƙiro shi, wanda shi kansa jagoran ɓangaren da ke auna aiki da sakamakonsa ne.

Kant bai ce ya zo da sabuwar ɗa'a ba. Da wani mai sharhi ya soke shi cewa babu wani sabon abu a littafinsa sai sabon salon faɗa, ya amsa cewa ai haka ya kamata, don duniya ba ta zauna cikin jahilcin sanin wajibi tana jiran zuwansa ba. A ganinsa manomi da ɗan kasuwa sun riga sun san bambancin amana da ha'inci. Aikin mai falsafa shi ne ya tono ma'aunin da suke amfani da shi ba tare da sun ambace shi ba.

Ya fara da niyya. Ya ce ka duba duk abin da mutane ke yabo: basira, jarumta, dukiya, lafiya, natsuwa. Kowannensu yana iya zama sharri idan ya faɗa hannun mugu. Natsuwar ɗan fashi ƙara masa haɗari take yi. Abu ɗaya ne kawai yake da kyau ba tare da wani sharaɗi ba, shi ne kyakkyawar niyya, kuma ba buri na fatar baki yake nufi ba, yana nufin niyyar da mai ita ya zuba iya ƙarfinsa a kai. Idan ta gaza cim ma komai saboda ƙaddara, darajarta ba ta ragu ba. Ya kawo misalin mai kanti da ba ya cutar ƙaramin yaro wajen ciniki. Idan ya yi haka ne don kada sunansa ya ɓaci masu saye su gudu, aikinsa ya dace da wajibi, amma ba wajibin ne ya motsa shi ba. Ran da ya tabbata babu mai gani, me zai hana shi? Wanda kuwa ya ƙi cutar yaron don cuta ba daidai ba ce, shi ne aikinsa ke da nauyin ɗa'a.

To, mene ne wajibin, kuma daga ina ya samo ikon umartar mu? A nan Kant ya raba umarni gida biyu. Akwai mai sharaɗi: in kana son lafiya, ka sha magani, in kana son cin jarrabawa, ka yi karatu. Irin wannan yana kanka ne muddin kana son abin. Ka fasa son cin jarrabawar, umarnin ya sauka. Amma "kada ka ci amana" ba ya sauka don ka ce yau ba ka sha'awar amana. Umarni ne marar sharaɗi. Tun da bai rataya a kan abin da kake so ba, ba zai yiwu tushensa ya zama sha'awa ko jin daɗi ba, don waɗannan sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Dole tushensa ya kasance abin da duk mai hankali ya yi tarayya a cikinsa, wato hankalin kansa. Hankali kuwa ba ya son kai. Abin da ya zama hujja gare ni a wani hali, hujja ce ga kowa a irin wannan halin.

Daga nan ma'auninsa na farko ya fito: kada ka yi aiki sai bisa ƙa'idar da za ka iya so ta zama doka ga kowa. Misalinsa na bashi ya fi kowanne fito da abin fili. Mutum ya matsu, yana neman rance, ya san ba zai iya biya ba, ya kuma san ba za a ba shi ba sai ya yi alkawarin biya. Ƙa'idar da yake shirin bi ita ce: duk lokacin da na matsu, zan yi alkawarin ƙarya in karɓi kuɗi. Yanzu a mai da ita doka ga kowa. Kowa ya san cewa alkawarin matsattse iska ce. Wa zai ba da rance a kan alkawari? Babu. Ƙaryar tasa ba za ta ƙara cin kowa ba. Ka lura da kyau, ɗan'uwa, don a nan ne mutane ke yawan zamewa. Mukan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, wato a guje ta don ƙarshenta asara ne. Hujjar Kant daban ce. Ko da ƙaryar ta yi 'ya'ya, ko da mai rancen attajiri ne da ba zai ma lura ba, maƙaryacin ya faɗa cikin tufka da warwara: yana buƙatar kowa ya ci gaba da cika alkawari domin a yarda da nasa, shi kaɗai kuma a ɗauke masa. Yana son dokar ta tsaya, yana son ya zama shi ne togaciya.

A ganina wannan ita ce zuciyar mazhabar gaba ɗaya, kuma ban san wani bayani a falsafa da ya kama halin ɗan Adam kamar wannan ba. Da wuya ka sami mai laifin da ke son laifinsa ya game duniya. Ɓarawo yana kulle ƙofarsa da dare. Mai satar amsa a jarrabawa yana son takardar shaidarsa ta kasance da daraja, daraja kuwa ba za ta samu ba sai in sauran sun yi da guminsu. Mai tsallake layi yana buƙatar layin. Kowannensu yana ce wa kansa: sau ɗaya ne kawai, halin da nake ciki daban ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma'aunin Kant dabara ce ta sa mutum ya dubi tudun da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Wasu sukan ce ai wannan shi ne "kada ka yi wa wani abin da ba ka so a yi maka". Sun yi kusa, amma Kant da kansa ya raba su. Ya ce da waccan maganar ce ma'auni, mai laifi zai iya kafa wa alƙali hujja da ita, tun da alƙalin ma ba ya so a ɗaure shi. Kuma mai taurin kai zai iya cewa kada kowa ya taimake ni, ni ma ba zan taimaki kowa ba. Tambayar Kant ba a kan abin da ranka ke so take ba, a kan abin da hankali zai iya amincewa da shi a matsayin doka take.

Ma'auni na biyu shi ne wanda ya fi tasiri a duniya. Ka riƙi mutuntaka, a kanka ko a kan waninka, a matsayin abin da ake nufa don kansa, kada ka mai da mutum kayan aiki kawai. Kalmar "kawai" ɗin nan tana da muhimmanci. Kullum muna amfana da juna: direba, likita, magini. Babu laifi, don sun san abin da ake ciki, sun kuma yarda. Amma koma ga mai rancen nan. Wanda aka yi wa alkawarin ƙarya ba zai taɓa iya yarda da abin da ake yi masa ba, domin an ɓoye masa shi. An zagaye hankalinsa an ɗauki kuɗinsa, kamar yadda ake buɗe akwati. Shi ya sa yaudara da tilastawa suka zama manyan laifuka a wannan mazhaba: su ne hanyoyi biyu na amfani da mutum ba tare da shi ba. Kant ya ce duk abin da za a iya musanya shi da makamancinsa yana da farashi, wanda kuwa ba shi da madadi yana da mutunci. Mutum na cikin kashi na biyu.

Kada ka ɗauka wannan zancen aji ne kawai. Tsarin mulkin Jamus na 1949 ya buɗe ne da cewa mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, Jamus ta yi dokar da ta ba da damar harbo jirgin saman da aka sace idan ana shirin kai hari da shi, ko da akwai fasinjoji a ciki. Lissafin a bayyane yake: a rasa ɗari a ceci dubbai. A ranar 15 ga Fabrairu 2006 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan sashe. Daga cikin dalilanta akwai cewa gwamnati ba ta da ikon mai da fasinjojin da ba su ji ba su gani ba abin sadaukarwa don ceton wasu. Mutane masu hankali sun yi ta jayayya a kan wannan hukunci, kuma ba na raina masu adawa da shi, don abin da suke tsoro abin tsoro ne. Amma ka ga inda layin yake. Mabiya Bentam da Jon Situwat Mil za su tambayi wane zaɓi ne zai rage yawan wahala. Mabiyin Kant zai fara tambayar me ake yi wa wannan mutumin da ke zaune a kujerarsa, kuma wa ya ba mu shi mu kashe a lissafinmu. Haka ma a fannin lafiya. Daga 1932 zuwa 1972 an gudanar da wani bincike a Taskigi ta Amurka inda aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da magani ba, ba a kuma gaya musu gaskiyar abin da ake yi da su ba, domin a ga yadda cutar ke tafiya. Ko da binciken ya haifar da ilimi mai amfani, an mai da mutane kayan gwaji. Dokokin neman yardar marar lafiya bayan an yi masa cikakken bayani, daga irin waɗannan abubuwan kunya suka ƙara ƙarfi.

Akwai tambayar da ta rage: wa ya kafa wannan doka? Amsar Kant ita ce mai hankali yana samun ta a cikin hankalinsa, yana kuma ɗora wa kansa ita. Wanda ya bar sata don tsoron bulala kawai, bulalar ce ke mulkinsa. Wanda ya gane da kansa cewa sata ba ta dace ba, shi ne ɗa mai 'yanci. A littafin 1788 ya kawo wani misali da nake ƙauna. Wani ya ce sha'awa ta fi ƙarfinsa, ba ya iya daurewa. A kafa wurin rataya a ƙofar gidan da yake zuwa, a ce yana fitowa za a rataye shi: nan take zai gano yana iya daurewa. Wannan ba abin mamaki ba ne, son rai ya rinjayi sha'awa. Amma a ce sarki ya umarce shi ya yi shaidar zur a kan wani mutumin kirki, in ya ƙi a rataye shi. Wataƙila ba zai iya rantsewa cewa zai ƙi ba. Sai dai dole ya amsa cewa ƙin yana yiwuwa gare shi. A wannan lokacin ya san yana da iko, saboda ya san ya wajaba. Ta ƙofar wajibi ya gano 'yancinsa.

Na san za ka tambayi matsayin addini. Kant bai kore Allah ba. Ya ce sanin wajibi ba ya jiran tsoron azaba ko kwaɗayin lada, amma mai riƙon wajibi da gaske hankalinsa zai kai shi ga fatan samuwar Allah da rayuwa bayan mutuwa, inda nagarta da jin daɗi za su haɗu. In ka taɓa karanta ilimin kalam, za ka tuna jayayyar Mu'utazilawa da Ash'arawa a kan ko hankali shi kaɗai yana iya gane kyakkyawa da mummuna kafin zuwan wahayi. Tambayar ta girmi Kant da ƙarnoni, ko da yake hanyar da ya bi tasa ce.

Yanzu mu koma bakin ƙofa. A 1797 marubucin nan Banjamin Konstan ya soki ra'ayin cewa gaskiya wajibi ce a kowane hali, ya ce faɗar gaskiya wajibi ce kawai ga wanda ke da haƙƙin jin ta, mai kisa kuwa ba shi da wannan haƙƙi. A shekarar Kant ya mai da martani da gajeriyar maƙala, yana da shekara 73. Ya ce gaskiya ita ce ginshiƙin duk wata yarjejeniya tsakanin mutane, don haka maƙaryaci ko bai cuci wanda ya yi wa ƙaryar ba, ya cuci ɗan Adam baki ɗaya. Ya ƙara da cewa in ka ce abokinka ba ya nan, alhali ya sulale ta baya ba ka sani ba, mai kisan ya juya ya ci karo da shi a hanya, to kana da hannu a abin da ya biyo baya.

Wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba, kuma da kayan aikin Kant ɗin nake ƙin ta. A littafinsa na shari'a ya yarda cewa ana iya amfani da ƙarfi don hana wanda ke tauye 'yancin wani. In ya halatta in tare mai kisan da ƙirjina, in tura shi waje, in rufe ƙofa, ta yaya kalma ɗaya da za ta kawar da shi za ta fi wannan muni? Sa'an nan a dubi wa ake mayarwa kayan aiki a wannan wuri. Mai kisan ne ke son amfani da gaskiyata a matsayin wuƙarsa. Ƙa'idar "zan ɓatar da mai neman ran wani" kuwa, ban ga togaciyar son kai a cikinta ba. Zan so kowa ya bi ta, har a ranar da ni ne a ɓoye. A darussan da ɗalibansa suka rubuta daga bakinsa shekaru kafin wannan maƙala, shi kansa ya sassauta game da ɗan fashin da ya shaƙe ka yana tambayar inda kuɗinka suke. Tarihi ma ya kawo misalin a zahiri: a lokacin yaƙin duniya na biyu, mutanen da suka ɓoye Yahudawa a gidajensu sun yi wa 'yan Nazi ƙarya, kuma babu mai lafiyayyar zuciya da zai ce sun ci amanar wajibi. Masu bin Kant na zamaninmu, irin su Kiristin Kosgad, sun yi dogon rubutu a kan yadda mazhabar za ta fuskanci mugu ba tare da ta zama makaminsa ba. Tun 1930 kuma masanin Birtaniya W. D. Ros ya ce wajibai suna da yawa, suna iya cin karo, kuma a lokacin sai an auna wanda ya fi nauyi. Kant ya ƙi yarda cewa wajibai biyu na haƙiƙa za su iya karo, kuma ina ganin wannan ƙin ne ya kai shi ga matsayin da ya ɗauka.

Duk da haka ina fahimtar abin da yake tsoro. Mai kisa a ƙofa ba kullum yake zuwa ba. Abin da ke zuwa kullum shi ne ƙaramar ƙaryar da muke yi wa marar lafiya, ko abokin zama, ko jama'ar da muke shugabanta, muna cewa don amfaninsu ne. A nan mun yanke wa mutum hukuncin cewa ba zai iya ɗaukar gaskiyar rayuwarsa ba, mun zaɓa masa ba da saninsa ba. Sau tari kuma, in an tona, sauƙin kanmu muke nema.

An yi masa wasu sukan. Masanin falsafar Jamus Hegel ya ce ma'aunin fanko ne, mai wayo zai iya tsara ƙa'idarsa yadda za ta tsallake. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa ba na koyar da ma'auni na farko ba tare da na biyu ba. Mawaƙin nan Shila ya yi masa shaguɓe cewa ke nan wanda ya taimaki abokinsa da farin ciki ba shi da nagarta. Wannan rashin fahimta ce. Kant bai hana jin daɗin alheri ba, cewa ya yi kada alherin ya tsaya ran da jin daɗin ya ƙare. Mafi muni shi ne abin da Adolf Aikman, jami'in Nazi mai hannu a kisan Yahudawa, ya yi a shari'arsa a Ƙudus a 1961, inda ya ce ya yi ƙoƙarin rayuwa bisa ma'anar wajibi ta Kant. Biyayya ga umarnin shugaba ba tare da auna shi ba ita ce ainihin abin da misalin sarki da shaidar zur ya zo ya rushe.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba, don ya shafe mu kai tsaye. Kant ya rubuta maganganu na raini a kan baƙar fata da wasu al'ummu, ya jera jinsunan mutane sama da ƙasa. Masana suna jayayya a kan ko ya sauya a ƙarshen rayuwarsa, tun da a rubuce-rubucensa na shekarun 1790 ya soki zaluncin Turawa 'yan mulkin mallaka. Ko ya sauya ko bai sauya ba, waɗancan kalaman suna nan, suna da ciwo, kuma ma'auninsa na biyu ne ya fi kowa kama shi da laifi a kansu.

In kana son karantawa da kanka, ka fara da ƙaramin littafin 1785. Kashi uku ne. Na farko da na biyu za ka iya bin su in ka tafi a hankali, kuma a na biyun za ka tarar da misalansa huɗu: mai son kashe kansa, mai alkawarin ƙarya, mai barin baiwarsa ta lalace, da mai ƙin taimakon mabuƙaci. Ka gwada kowanne da ma'aunan biyu, ka rubuta inda hujjar ta kama ka da inda ta sake ka. Kashi na uku, inda yake ƙoƙarin tabbatar da 'yancin zaɓi, yana da tsauri ko ga malamai, don haka ka ajiye shi sai ka maimaita na biyun sau biyu, sa'an nan ka turo mini abin da ka rubuta mu duba tare.